Ina Ba Ta Haƙuri, Amma Kullum Ƙara Nisa Take Yi da Ni

Tambaya: Wani maigida daga wani ƙauye a ƙasar Kafin Hausa, Jihar Jigawa, ya aiko da wannan: "Wata huɗu ke nan da Allah Ya karɓi ran ɗanmu na fari, kwanansa goma sha tara a duniya, lokacin matata tana gidansu wankan jego. Ranar da abin ya faru ba ta yi kuka ba, har mutane suna yaba dauriyarta, amma tun da ta dawo ɗakinta kusan kullum sai na tarar da ita tana hawaye. Nakan ce mata ta yi haƙuri, Allah da Ya ba mu zai ba mu wani, kuma ba a kanmu aka fara ba. Yanzu in na shigo sai ta goge fuska ta ce babu komai. Mahaifiyata tana cewa rashin tawakkali ne. Ina tsoron in na biye mata na ƙara mata raki, ko ma na taya ta saɓon Allah. Me ya kamata in yi?"

Amsa: Malam, kafin komai ina yi maka ta'aziyya, domin ɗan da ya rasu naka ne kamar yadda yake nata, kuma na lura a duk wasiƙarka ba ka ambaci halin da kai kake ciki ba. Allah Ya sa mai ceto ne, Ya ba ku ladan haƙuri, Ya mayar muku da alheri.

Na daɗe ina aikin jinya da ungozoma a ƙananan asibitocin karkara na yankin Haɗejiya kafin in ƙaro karatu a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma irin labarin gidanka na sha jin sa daga bakin maza da mata. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da kake gaya wa matarka. Haƙuri wajibi ne, Allah Mai iko ne Ya ba ku wani, kuma hakika ba a kanku aka fara ba. Matsalar tana wurin lokacin da maganar take zuwa da kuma abin da kunnenta yake ji. Idan mutum ya buɗe baki zai faɗi ciwonsa, aka tare shi da "yi haƙuri" tun bai kai ƙarshen jimlar farko ba, abin da yake shiga zuciyarsa shi ne "ya isa haka, yi shiru". Matarka ta ɗauki wannan darasi, shi ya sa take goge fuska idan ta ji takunka. Ta fahimci cewa hawayenta suna damun ka, sai ta koma yin su a bayan idonka, kuma wannan "babu komai" da take faɗa ladabi ne na macen da ta cire rai da cewa za a saurare ta.

Ka tsaya ka duba abin da ya same ta da idon mace. Ɗan fari ne, kuma ka san al'adarmu a kan ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, wata ma ko shayar da shi sai an matsa mata saboda kunya. To, yarinyar da aka hana ta nuna son ɗanta yana raye, da wace fuska za ta yi kukansa a tsakar gida cike da iyaye da 'yan gaisuwa? Ta danne, aka yaba mata, kuma yabon nan ya zama mata wani ɗaurin, tunda wadda aka ce ta yi dauriya jiya ba za ta so a ga ta karye yau ba. A cikin kwanakin nan jikinta bai san an yi rasuwa ba. Nono ya ci gaba da kawo ruwa har ya yi mata tauri, ana ci gaba da dafa ruwan wanka ana dama kunun kanwa, zannuwan goyo da kayan barka suna ajiye a inda take ganin su. Sai da ta dawo ɗakinta, jama'a suka watse, ta zauna ita kaɗai da hannu babu komai, sannan kukan da aka hana shi fita ya sami hanya. Saboda haka jinkirin da ka gani ba alamar cewa imaninta ya ragu daga baya ba ne. Baƙin cikin yana nan tun ranar farko, wuri ne bai samu ba.

Abin da masana halayyar ɗan Adam suke koyarwa a irin wannan hali shi ne gaskata abin da mutum yake ji, wato ka nuna masa da bakinka da fuskarka da zamanka cewa ka ji shi, ka gane, kuma abin da yake ji yana da dalili. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, kuma ina ganin nan ne tsoronka yake, domin suna ɗauka gaskata ciwon mutum daidai yake da amincewa da duk hukuncin da ya yanke a cikin ciwon. Abubuwa biyu ne daban. A ce wata rana ta ce maka: "Ni na jawo, da na matsa an kai shi asibiti tun daren da ya ƙi kama nono da yana nan." Akwai ciwo a cikin wannan magana, akwai kuma hukunci. Idan ka ce "haka ne", ka tabbatar mata da laifin da ba nata ba. Idan ka ce "kul, kada in ƙara jin wannan maganar", ka rufe ƙofa, kuma za ta ci gaba da maimaita ta a zuci har tsawon shekaru. Hanya ta uku ita ce ka ce: "Ashe tun ranar kike ɗauke da wannan ke kaɗai. Duk uwar da ta rasa ɗa sai ta yi ta juya daren nan a ranta tana neman inda za ta gyara, saboda son da take yi masa ne." Ka bar ta ta yi kuka, ta faɗi sauran abin da ya rage. Bayan ta nitsu, a wannan daren ko washegari, sai ka tuna mata cewa a daren ba ta san abin da ta sani yanzu ba, cewa ba ita kaɗai ce a gidan ba, kuma kwanansa goma sha tara ne a rubuce. Maganar ƙaddara ce dai wadda kake yi mata tun farko, amma a wannan karon za ta tarar da zuciyar da aka riga aka buɗe.

Game da tsoron saɓon Allah, ka kwantar da hankalinka, kuma ka tambayi limamin garinku zai tabbatar maka. Ya zo a cikin Bukhari cewa lokacin da Ibrahim, ɗan Manzon Allah (SAW), yake gargarar mutuwa yana jariri, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman bin Auf ya ce: "Har da kai, ya Manzon Allah?" Sai ya amsa masa cewa wannan rahama ce, sannan ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi, kuma lallai mu masu baƙin ciki ne da rabuwa da kai, ya Ibrahim. Ka lura ya kira sunan yaron, kuma ya kira abin da yake ji da sunansa, bai ɓoye ba. Annabi Yakubu, wanda bakinsa ya furta kyakkyawan haƙuri a cikin Suratu Yusuf, shi ne kuma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, da 'ya'yansa suka zarge shi ya ce yana kai kukansa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwa, da marin fuska, da yaga tufafi, da furta kalaman fushi da hukuncin Allah, kuma babu ɗaya daga cikinsu a abin da ka bayyana game da matarka. Ni abin da ya fi taɓa ni a wannan babi shi ne tsarin da Nana Khadija ta bi ranar da Annabi ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa yana cewa a lulluɓe shi. Lulluɓe shi aka fara yi har tsoron ya kwanta, ya ba ta labari ta saurara, sannan ta ƙarfafa shi da ambaton kyawawan halayensa, daga ƙarshe ta kai shi wurin Waraƙa bin Naufal. Ba ta fara da nasiha ba.

Batun raki kuwa, binciken zamani ya nuna akasin abin da ake tsoro. Wani masani a Amurka mai suna Carl Rogers ya rubuta a 1957 cewa daga cikin sharuɗɗan da suke sa mai damuwa ya sami sauƙi a hannun mai ba shi shawara akwai ya ga an fahimci duniyarsa kamar daga cikinta ake kallo, kuma an karɓe shi ba tare da an gindaya masa sharaɗi ba. Bayansa Marsha Linehan ta Jami'ar Washington, wadda ta yi aiki da mutanen da damuwa ta kai su ga cutar da kansu, ta lura cewa idan ta matsa musu da maganar su canza hali kawai, sai su ji an raina wahalarsu, su fusata ko su daina zuwa, don haka ta gina hanyar jinyarta a kan haɗa gaskata ciwon mutum da taimaka masa ya canza. A 2007 kuma Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna nuna musu fuskokin masu fushi da masu tsoro. Suka ga cewa idan mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da abin da yake gani a fuskar, sashen ƙwaƙwalwar da yake tayar da hankali a lokacin tsoro yana lafawa, sashen gaba mai kula da tunani da kamun kai kuma yana ƙara aiki. Wato sanya wa abin da ake ji suna yana rage masa kaifi. Na ga haka da idona sau da yawa: macen da aka bari ta faɗi "ina kewarsa, kuma ina tsoron kada in sake haihuwa ya sake mutuwa" takan yi barci a daren fiye da wadda aka yi wa ban-baki har ta yi shiru.

Ni ma na taɓa yin irin kuskurenka, kuma har yau yana damu na. A farkon aikina, a wani ƙaramin asibiti, wata baiwar Allah ta haifi ɗa babu rai bayan doguwar naƙuda. Ina gyara ta tana kuka, sai na ce mata ta gode wa Allah da ta tsira da ranta, ga wata can a gadon gefe wannan ne na uku da ta rasa. Na faɗa ne da kyakkyawar niyya, ina ganin idan ta ga wadda ta fi ta za ta sami sauƙi. Ta yi shiru nan take, na ɗauka maganata ta yi aiki. Bayan shekara biyu na gan ta a kasuwa da goyo, na tambaye ta inda ta haihu, ta ce a gida, kuma ko awo ba ta je ba. Ba ta zarge ni da komai ba, amma na gane cewa a ranar da ta fi bukatar a ce mata "sannu, wannan rashi ne babba", ni na auna ciwonta da na wata na ce bai kai ba. Tun daga ranar na daina kwatanta rashin wani da na wani a gaban mai makoki.

Yanzu ga abin da nake ba ka shawara ka yi. Ka zaɓi lokacin da gida ya yi tsit, bayan sallar isha'i, ka kashe rediyo, ka ajiye waya, ka zauna kusa da ita a kan tabarma ko bakin gado, kada ka tsaya a kanta daga bakin ƙofa kamar mai jiran amsa. Kada ka fara da tambayar "me yake damun ki", domin ta riga ta tanadi amsarta. Ka fara da kanka. Ka ce mata yau kana gona yaron ya faɗo maka a rai, ka ambaci sunansa, tunda ita kunya ta hana ta, kuma mai yiwuwa wata huɗu ke nan babu wanda ya furta sunan a gabanta kamar ba a taɓa yin sa ba. Ka ce: "Na ga kina ɓoye mini hawayenki, kuma na gane yawan haƙurin da nake ba ki ne ya sa. Ba sai kin ɓoye mini ba, ɗanmu ne mu biyu." Daga nan ka yi shiru, kuma shirun zai yi maka tsawo, za ka ji bakinka yana ƙaiƙayin kawo aya ko misali, amma ka daure. In ta yi magana, ka mayar mata da abin da ka fahimta a taƙaice domin ta gyara maka in ka kuskure, misali "wato dare ne ya fi yi miki wuya", kuma ka kiyayi kalmar "amma" a bayan tausayawa, saboda tana goge duk abin da ya gabace ta. In kuma ta sake cewa babu komai, kada ka tsananta, ka ce "to, ina nan duk lokacin da kika so", ka sake gwadawa bayan kwana biyu. Wanda aka rufe wa ƙofa wata huɗu ba ya shigowa da sallama ɗaya.

Akwai wani abu da maza ba su cika tunawa da shi ba. Ku ne kuke ɗaukar gawa ku tafi makabarta, uwa kuwa abin da ta gani na ƙarshe shi ne an fita da ɗanta a naɗe. Mata da dama sun gaya mini cewa ba su san wanda ya yi wa ɗansu salla ba, ba su san gefen da aka binne shi ba, kuma suna jin nauyin tambaya. Idan ka halarci jana'izar, ka tambaye ta ko tana so ta ji, in ta amince ka ba ta labari a hankali, in kuma ba ka samu halarta ba ka tambayi waɗanda suka je ka kawo mata. Haka nan ka tambaye ta abin da take so a yi da kayan jaririn, kada a kwashe su a bayan idonta da sunan rage mata tunani.

Ka kuma duba zuciyarka. Peter Salovey da John Mayer, waɗanda suka yi fice da bayanin basirar fahimtar motsin zuciya a 1990, sun sanya gane abin da mutum yake ji a ransa tare da gane na wasu, domin ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Ka tambayi kanka me ya sa kake gaggawar cewa ta yi haƙuri. A yawancin mazan da na zanta da su, amsar ita ce hawayen matar yana taso musu da nasu ciwon, kuma an tarbiyyantar da su cewa namiji ba ya kuka, ga kuma jin cewa maigida ya gaza idan ya kasa gyara abin da ya lalace a gidansa. Wannan rashi ba ya gyaruwa, kuma ba gyara take nema a wurinka ba, abokin ɗaukar kaya take nema.

Mahaifiyarka kuwa, kada ka yi musu da ita, kuma kada ka kai mata maganar a gaban surukarta. Ina kyautata zaton ita ma ta binne ɗa ko 'ya'ya, kamar yawancin iyayenmu na karkara, aka ce ta yi shiru ta yi, don haka hanyar da ta sani ke nan. Ka same ta ita kaɗai ka ce: "Inna, ke da kika ga irin wannan, yaya kika yi a lokacin?" Ka saurare ta kamar yadda na ce ka saurari matarka. Sau da yawa tsohuwar da aka tambaya haka takan tuna nata daren, kuma ita da kanta za ta sassauta wa yarinyar ba tare da ka roƙe ta ba.

Sai dai sauraro yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗa maka ita. Akwai ciwon damuwa mai tsanani da yake kama mata bayan haihuwa, kuma rasa jariri yana ƙara haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 20 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, galibi wannan ciwon. Baƙin ciki na makoki yakan zo ya lafa, mutum ya ci abinci, ya yi dariya wani lokaci, sannan ya sake tasowa. Amma idan ka ga fiye da mako biyu a jere ba ta cin abinci, ba ta barci ko kuma ba ta tashi daga kwance, ta daina wanka da girki da gaisawa da maƙwabta, tana cewa ba ta da amfani, to abin ya wuce na zaman tabarma. Idan ta furta cewa gara ta bi shi, ko ta gaji da rayuwa, kada ka tsawata mata kuma kada ka ɗauka magana ce kawai. Ka tambaye ta kai tsaye cikin taushi ko tana tunanin cutar da kanta, domin tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take ba shi. Ka fitar da maganin feshi da fiya-fiya da duk wani maganin ƙwari daga gidan, kada a bar ta ita kaɗai, kuma ku tafi asibiti a ranar. Haka ma idan ta fara jin muryoyi ko maganarta ta rikice.

Ciwon yana da magani, kuma sau da yawa maganin zama ne da wanda aka horar. A ƙauyukan Rawalpindi na ƙasar Pakistan, wani bincike da Atif Rahman ya jagoranta aka wallafa a 2008 ya horar da ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa ziyartar masu ciki da masu jego da ke fama da ciwon, suna saurarensu suna taimaka musu su sauya tunanin da yake danne su. Wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, a cikin waɗanda ba a yi wa haka ba kuwa kashi 53. Ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku ko babban asibitin ƙaramar hukuma, a duba ta har da jininta, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yana ƙara kasala da mutuwar jiki. In ana bukatar ƙwararru, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen masu wannan lalura a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Addu'a da karatun Alƙur'ani su ci gaba, ba sa hana zuwa asibiti. Ka raka ta da kanka, kuma idan kun shiga wurin ma'aikacin lafiya ka bar ta ta fara magana, in ta nuna tana jin nauyinka ka fita ka jira a waje. Ranar da Allah Ya kawo wani cikin, ku fara awo da wuri, ku gaya wa ungozoma tun zuwan farko cewa kun rasa jariri yana da kwana goma sha tara da kuma alamun da ya nuna kafin ya rasu, domin a sa mata ido sosai, a kuma shirya haihuwa a asibiti da duba jaririn a kwanakin farko.